Hannun Inna Barira

Jaririn bai daina kuka ba tun washegarin haihuwarsa. Ba irin kukan da ake toshewa da nono ba ne. Ihu yake tsandarawa har muryarsa ta dushe, ya ja numfashi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Idan Safiyatu ta kai masa nono sai ya kama, ya saki, ya banƙare kamar an tsikare shi da allura. Da rana yakan ɗan lafa don gajiya, da an yi masa wankan yamma kuma ya dawo sabo fil. Gidajen Unguwar Kanya a manne suke da juna, gonaki sun zo har gindin katanga, saboda haka har mai noma a bayan gari ya san jikan Malam Mika'ilu bai runtsa ba.

Khalilu, ƙanen mai jegon, ya dawo daga gona da la'asar, fartanya a kafaɗa, ya tarar da gidan yadda ya bar shi. Ƙamshin daddawa da attaruhu na shaƙe mutum tun daga zaure. Mahaifiyarsu, Inna Barira, na durƙushe gaban murhu tana kaɗa miyar kuka, idanunta duk sun faɗa.

"Sannu da aiki, Inna."

Ba ta ɗago ba. "Sannunka dai. Yau da me aka yi wa gero kiɗa?"

"Inna, abin jin kiɗan ai yana wurinki."

"Yana nan kuwa. Kuma nan zai zauna."

Tun da Khalilu ya gama jami'a ya gama bautar ƙasa, takardunsa ke kwance cikin leda a ƙarƙashin katifa. Ya zaga ofisoshin Kano har takalminsa ya san hanya, sai man fetur ya tashi, komai ya bi shi, kuɗin Adaidaita Sahu ma ya fi ƙarfinsa. Ya dawo gida ya ɗauki fartanya. Abu ɗaya ya taho da shi daga ɗakin hayarsu na Rijiyar Zaki, wato waƙoƙin da abokin zamansa Usaini ya cika masa waya da su. Rok da metal ne, kiɗan Turawa, amma ba irin na rawa ba. Waƙa ɗaya sai ta raka mutum ƙarshen gona ya juyo ba ta ƙare ba. Takan fara da gita a hankali kamar mai lallashi, ganga ta shigo da wani irin taku da ba ya tafuwa, kana cewa ka kama shi ya sauya, can kuma komai ya rushe a kanka lokaci ɗaya, mawaƙin ya buɗe maƙogwaro yana gurnani. Khalilu bai cika damuwa da abin da suke faɗa ba. Shi dai ya san idan ƙarar ta cika masa kai, tunani ba ya samun wurin zama.

Washegarin haihuwar, yana sunkuye yana wanke ƙafa a tsakar gida, igiyar iyafis ta fizge daga jikin wayar, daidai wurin gurnanin. Ƙarar ta fashe a gidan. Kaji suka watse, Inna ta yar da ludayi tana salati. A wannan safiyar ce jaririn ya fara kukan da bai daina ba. To wa zai gaya wa Inna ba kiɗan ne ya kirawo wani abu ba? Ta karɓe iyafis ɗin ta ƙulle a haɓar zaninta. Malam kallo ɗaya ya yi wa ɗansa ya koma zaure wurin ɗalibansa. Aka yi tofi, aka yi rubutu, aka turara habbatussauda. Kukan na nan.

Inna ta tura masa kwanon tuwon dawa. Loma ɗaya ya kai, gumi ya karyo masa. Miyar Inna ta yi suna a unguwar tun kafin a haife shi, har ana cewa wanda ya ci tuwon Barira mura ba ta kwana a jikinsa. Bana kuwa yajin ya ƙara ƙaimi, domin babu abin da zai tare shi a tukunya. Nama sai dai labari. Damina ta yi nisa, rumbu ya kusa ganin ƙasa, geron gona bai nuna ba.

Da can idan 'ya ta zo gida wankan jego, tun ciki bai tsufa ba ake sayo kayan yaji da yawa, a tara mata su yini suna lugude, a cika tulu a rufe. Ungozoma kuma ta riƙa zuwa safe da yamma tana yi wa jariri wanka. Bana babu halin ko ɗaya. Mijin Safiyatu, Uwaisu, yana Legas neman abinci, abin da yake aikowa bai taka kara ya karya ba. Ungozoma ta yanke cibi, ta yi wankan farko, Inna ta sallame ta da godiya ta ce ita za ta ci gaba. Yajin jego kuwa kullum da sassafe take daka ɗan abin da ya samu, barkonon tsiduhun da ta shanya bara, da citta, da kimba, da masoro, kanumfari in an dace. Ita ce daka, ita ce tankaɗe, ita ce dafa ruwan mai jego, ita ce wankan jariri, ita ce tuwo.

Khalilu bai kai rabin kwanon ba Malam ya shigo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin mai jego, hannuwansa a baya, ya daɗe yana sauraren kukan.

"Barira," ya ce, "na aika wa Mati wanzami. Gobe da safe zai zo."

Inna ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Tun yaushe nake faɗa? Yaro ya ƙi kama nono, ya ƙi barci, me ya rage? In ba kiɗan can ba ne, to beli ne. A cire masa hakin wuyan nan kowa ya huta."

Daga cikin ɗaki muryar Safiyatu ta fito, a shaƙe. "Baba."

"Ina jin ki."

"Baba, don girman Allah."

Ba ta ƙara ba, kuma ba a buƙatar ta ƙara. Ɗanta na fari a gidan mijinta aka cire masa beli. Wani wanzamin ne daban, ba Mati ba. Jini ya ƙi tsayawa, kafin a samo abin hawa yaron ya cika a kan cinyarta, ko ranar suna bai kai ba.

Malam ya shafa gemunsa. "Na sani, 'yar nan. Wancan kwanansa ne ya ƙare. Mati kuwa shi ya cire wa rabin yaran garin nan, har da ku."

Khalilu ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Baba, ko asibiti za a koma da shi?"

"An kai shi sha-ka-tafi, kana gona. Sun ce babu zazzaɓi, a ci gaba da ba shi nono. Nonon da ya ƙi kamawa." Malam ya juyo ya dube shi. "Kana da wata dabarar? Faɗa, ina ji. Ko a zuba masa ido har ya ƙare?"

Khalilu ya sunkuyar da kai. Malam ya fita.

Kafin magariba Inna ta ba Khalilu kwanon mai jego ya kai ɗaki. Romo ne ja wur, ƙashi ɗaya na yawo a ciki, ƙashin da aka dafa jiya aka sake dafawa yau. Safiyatu na zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, jaririn na kafaɗarta yana shessheƙa. Fuskarta ta kumbura da rashin barci.

"Yaya, ga romo. Ki yi a hankali, wannan ko ni da ban haihu ba ya buɗe min kai."

Ba ta yi dariya ba. "Khalilu, kai ka yi boko. Ka yi wani abu."

"Yaya, ilimin ƙasa na karanta. Duwatsu da ruwan sama."

"Ko me ka karanta." Ta kama hannun rigarsa. "Na ga irin askar nan sau ɗaya. Wallahi ba zan iya sake gani ba. In wannan ma ya tafi, ku haɗa da ni."

Ya tsuguna ya leƙa fuskar yaron. Ɗan ƙaramin abu, jikinsa ya yi ja, leɓensa na ƙyallin mai. Ya ajiye kwanon ya fito.

Gari na wayewa turmi ya fara. Khalilu na kwance yana ji. Dakan Inna ba ya tafiya a miƙe. Takan buga biyu da ƙarfi, ta ƙwanƙwasa gefen turmi, ta ɗan tsaya ta juya da hannu, ta dawo ta wani wajen da ba ka zata ba. Ya sha raya wa ransa cewa da mai gangar waƙar da ya fi so zai ji wannan, da ya ajiye sandunansa ya zauna ɗaukar darasi. Yau dai ko wannan bai ba shi sha'awa ba.

Ya fito ya same ta tana tankaɗe. Ta zuba yajin a rariya tana murzawa da tafin hannu, jan gari na sauka a faranti. Shi da ke nesa ya yi atishawa, akuyar da ke ɗaure ma ta yi. Inna ko gezau. Ta gama, ta ɗauraye hannu a ruwan kwano, ta goge a zani, ta ce a miƙo mata yaro.

"Zo nan, maigidana. Yau za a raba ka da abin da ya hana ka cin abinci a gidana."

Ta yi masa wanka a ɗan baho, yana 'yan ƙananan koke-koke. Ta tsane shi, ta jawo gwangwanin man kaɗanya, ta lakato da yatsa, ta murza a tafukanta har ya narke, ta bi jikinsa da shi. Wuya, hammata, matsematsi, bayan kunne, har leɓe don kada ya tsage. Kafin ta naɗe shi a zani ihun ya tashi.

"Assalamu alaikum! Ina angon? Tun daga gindin rimi nake jin yana kirana."

Mati wanzami ne, zabira a rataye, goro a kumatu. Dattijo ne mai fara'a, ba ya shiga gida bai bar dariya ba. Malam ya shigo da shi har tsakar gida aka shimfiɗa masa tabarma. Mati ya hango Khalilu.

"A'a, Injiniya! Yaushe za ka kawo min wannan dajin da ke kanka? Ko jira kake kura ta haihu a ciki?" Ya juya wurin Inna. "Uwar gida, a tafasa min ruwa in gasa kayan aiki. Kafin nan shi ma ya ɗan huce daga wankan."

Ya buɗe zabira ya fara jera kaya a kan wani tsumma. Khalilu ya ga 'yar siririyar aska mai lanƙwasa a baki, da ɗan icen danne harshe.

"Inna," ya ce a hankali, "a ƙara masa ko zuwa jibi mana."

Inna ta miƙe. Bai taɓa ganin gajiya irin wadda ke fuskarta ba. "Zuwa jibi? Kai kake raya dare da shi? Kai kake ganin nono na zuba yaro na yunwa?" Ta kwance haɓar zaninta da hannunta mai maiƙo, ta ciro iyafis ɗin, ta dunƙule shi, ta danƙa masa a tafi. "Ungo tsiyarka. Tafi gona ka toshe kunnenka kamar yadda ka saba. Mu da ba mu da abin toshewa za mu tsaya."

Safiyatu na tsaye a ƙofar ɗaki tana kallonsa. Ya kasa haɗa ido da ita. Ya ɗauki fartanya ya fita.

Hanyar gona siririya ce, gero ya fi tsayin mutum hagu da dama, raɓa na jiƙa masa wando. Kukan na bin sa. Ya wuce gonar maƙwabta, ya wuce rijiya, yana nan dai a bayansa. Ya tsaya, ya warware igiyar, ya soka a waya, ya cusa robobin a kunnuwansa har ciki. Ya zaɓi waƙar da ta fi kowace tsawo, wadda ba za ta ƙare ba sai an gama komai. Ya ƙure ƙara.

Gitar ta fara, a hankali, tana zagaya wuri ɗaya. Kukan ya ɓace. Ya ci gaba da tafiya yana jin kunyar kansa.

Bai yi nisa ba kunnensa na dama ya fara ɗumi. Ya ɗauka rana ce. Na hagu ma ya fara. Ganga ta shigo, ɗumin ya koma raɗaɗi, kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa a cikin kunne. Ya fizge igiyar, ya sa ɗan yatsa yana sosawa, abin ya ƙaru. Tururuwa ce ta shiga? Ya ɗaga robar yana dubawa. Babu tururuwa. Maiƙo ne kawai a jikinta, tana ƙyalli. Ya kai hanci. Man kaɗanya. A ƙarƙashin warin man kuma akwai wani abu da hancinsa ya sani tun yana goye. Ya lasa.

Harshensa ya ɗauki wuta.

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Rariya. Tafin hannu. Ɗauraya a ruwan kwano. Yatsa a cikin gwangwani. Wuya, hammata, leɓe. Fatar kunnensa ta ƙato, mai yini a rana, ta kasa jure ɗan abin da ya shafu a roba. To ina ga fatar da ba ta yi mako a duniya ba, safe da yamma?

Wayar na aljihunsa, igiyar ta fita, waƙar ta kai wurin da komai ke rushewa. Ya yar da fartanya ya kwasa da gudu, gangunan na tsala tsiya a cinyarsa, mawaƙin na gurnani, ganyen gero na marin fuskarsa. Wata mata da ke tsinkar rama ta yi salati ta ba shi hanya.

Ya faɗo gidan ba sallama. Inna na zaune a tabarma, jaririn a cinyarta, ta tallafe masa kai. Mati ya tsuguna, icen danne harshe a hagunsa, askar a damansa. Malam na tsaye yana karanta addu'a. Safiyatu ba ta wurin. Ta shige ɗaki ta saki labule.

"Ku tsaya! Baba Mati, tsaya!"

Mati ya janye hannu. Malam ya juyo a fusace. "Kai! Lafiyarka? Da wannan ƙarar shaiɗan ɗin za ka shigo min gida, a wannan lokacin? Kashe ta!"

Khalilu ya lalubo wayar ya kashe. Bai tsaya bayani ba. Ya suri gwangwanin man kaɗanya a gefen baho ya miƙa wa mahaifinsa.

"Baba, ɗanɗana."

"Ka haukace ne?"

"Baba, dubi kunnena. Don Allah ɗanɗana kawai. In ba ka ji komai ba, ga wayar, ka jefa a rijiya."

Malam ya dubi kunnen, ya yi ja kamar gauta. Bai karɓa ba tukuna. Mati ne ya ajiye icen, ya tofar da goronsa, ya ce, "Kawo nan, Injiniya. Wanzami ba ya tsoron mai." Ya lakata ya ɗora a harshe. Ya riƙa tauna iska. Sai ya fara tari, idanunsa suka kawo ruwa.

"La'ilaha illallahu! Uwar gida, wannan man ai da tsire ya kamata a ci shi. Da shi kuke shafe yaron?"

Malam ya karɓi gwangwanin, ya taɓa, ya kai leɓensa. Ya zauna a kan kujerar tsugunno.

"Me kuke nufi?" Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Man nan ni na sayo shi da kaina a kasuwa. Babu abin da na zuba a ciki. Ni zan zuba wa jikana yaji?"

"Ba zubawa kika yi ba, Inna." Khalilu ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya. "Hannunki ne. Daga rariya kike zuwa wanka. Ruwa ba ya fitar da tsiduhu, mai ne ke kwaso shi. Yanzu kika riƙe abin jin nan, na sa a kunne, kin ga yadda ya yi min."

"Na wanke hannuna."

"Na gani, Inna. Kin wanke."

Ta ɗaga hannunta na dama tana kallo. Tafin ya yi kanta, layukansa sun rine da ja. Ta sa yatsa a baki ta tsotsa.

"Ni ban ji komai ba."

"Barira," Malam ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "yaushe rabon da ki ji yaji?"

Sai ta kai yatsan gefen idonta ta taɓa. Nan take idon ya rufe, ruwa ya zubo. Ba a jima ba ɗayan ma, wanda ba ta taɓa ba, ya fara zuba.

"Ku karɓe shi," ta ce. "Ku karɓe shi daga hannuna."

Labule ya ɗaga, Safiyatu ta fito da sauri ta ɗauke ɗanta. Malam ya leƙa ta katanga ya kira maƙwabciyarsu Asama'u. Ta zo da sabulunta da kwalbar man gyaɗa daga madafinta. Ta shafe yaron da man, ta goge da tsumma mai tsabta, ta wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ta sake, ta canja masa zani da wanda Inna ba ta taɓa ba. Yana ta ihu har aka gama.

Aka zauna jira. Mati bai rufe zabirarsa ba. "Ni dai ban ce ba haka ba ne," ya ce, yana share ido, "amma in rana ta take bai kama nono ba, aikina na nan. Yaro ba ya rayuwa da iska."

Safiyatu ta zauna a bakin ƙofa tana jijjiga shi, leɓenta na motsi. Khalilu ya jiƙa tsumma ya dafe kunne. Inuwar katanga ta riƙa ja da baya. Ihun ya koma kuka, kukan ya koma shessheƙa, ya sake tashi, zuciyar kowa ta tashi tare da shi. Safiyatu ta juya baya ta kai masa nono. Ya kama ya saki. Ta sake. Ya saki. Ta matso 'yan ɗigo ta shafa masa a leɓe, ta jira, ta sake kai masa.

Shirun ya zo wa gidan kamar baƙo. Aka ji kurciya a kan darbejiya. Aka ji fartanyar wani a bayan katanga. Sai wani ɗan ƙaramin sauti, ƙwat, ƙwat, na haɗiya.

Mati ya naɗe tsummansa ya mayar da askar cikin zabira.

"Mati," Malam ya ce, "ka dawo ranar suna. Aski kawai."

"Aski kawai, Malam. In an haɗa min da na Injiniya, ba zan ƙi ba."

Kafin ya kai zaure Safiyatu ta yi barci a zaune, kanta a jikin ƙyaure, yaron a ƙirjinta.

Inna ba ta tashi daga gindin turmi ba har azahar. Hannuwanta na kan cinyarta a buɗe, kamar kayan wani da aka ba ta ajiya. Khalilu ya kawo mata man gyaɗa da toka da sabulu, ya ajiye a gefenta. Ta dubi kayan.

"Mai jego ba ta yini ba yaji. Jikinta ɗanye ne." Ta ja hanci. "Ni kuma ba zan bar wa maƙwabta wankan jikana ba, ina raye. Asama'u na da nata aikin, kowa na da nasa. Wa zan ce ya zo ya yi min daka a wannan shekarar?"

Khalilu ya dubi taɓaryar da ke jingine da bango. Ya miƙa hannu ya ɗauka. Ta fi yadda ya zata nauyi.

"Ajiye," Inna ta ce. "Namiji da taɓarya? A gidan Malam? So kake a yi da mu a bakin rijiya?"

Malam na wucewa da buta zai yi alwala. Bai waiwayo ba. "Ni ban ga kowa da taɓarya ba," ya ce, ya shige.

Asama'u ce ta yi wankan yamma, kafin hannun Inna ya huce. Washegari da sassafe Khalilu ya mirgina turmin zuwa bayan rumbu, inda ba a hangowa daga waje. Ya ɗaure hanci da tsumma, ya sa iyafis ɗin da ya wanke har sau ba adadi, ya fara. Inna na tsaye daga nesa, hannuwanta a naɗe cikin zani, tana ba da umarni.

"Citta tukuna, ita ce mai taurin kai. Kai, ba kashe maciji kake ba. Saki kafaɗarka. Cire abin nan ka ji ni mana!"

Ya zare ɗaya. "Da shi nake samun taku, Inna."

"Wane taku ne a cikin ihu?"

Ya goge hannunsa, ya matso, ya riƙe mata robar kusa da kunne. Ta ɗan kauce, sannan ta tsaya. Daidai wurin da mai gangar ke shi kaɗai ne. Ta saurara, goshinta a tattare. Can ya ga ƙafarta na ɗan motsi a ƙasa.

"Wannan ai lugude ne," ta ce. "Su nawa ne a turmin?"

"Mutum ɗaya ne, Inna. Hannu biyu, ƙafa biyu."

"Ƙarya kake." Ta ƙara matso da kunne. "To ka bi shi mana. Kai dakanka kamar na wanda aka yi wa dole."

Sai mawaƙin ya shigo da gurnaninsa. Inna ta yi baya da sauri.

"A'uzu billahi! Cire min. Wannan kam shi ya kamata a kai wa Mati."

Daga tsakar gida Safiyatu ta kira, ruwan wanka ya yi. Inna ta fito da hannuwanta ta dube su, ta taɓa gefen idonta da yatsa, ta jira. Idon bai yi komai ba. Ta juya ta tafi, tana jan ƙafa.

Khalilu ya bar kunne ɗaya a buɗe. Ya ji ƙarar ruwa a baho, ya ji ɗan kukan da kowane jariri ke yi idan aka tuɓe shi, ya ji muryar Inna tana cewa maigidanta ya yi haƙuri. Ya tsaya da taɓarya a sama yana jira. Kukan ya tsaya. Ya sauke taɓaryar, ya yi atishawa, ya ci gaba da daka. Gona na jiransa, fartanyar ma tana can inda ya yar da ita.